Tikitin da Mai Suwaita ya ƙi rufewa

Ƙarfe bakwai saura kwata yake shigowa ta ƙofar baya, wadda masu shara da masu kawo tukwanen iska ke bi. Mu muna hawa sama inda ofisoshi suke, shi sauka yake yi. Ɗakinsa yana ƙarƙashin ginin asibitinmu, tsakanin ɗakin wanki da sito, babu taga, sai na'urorin sanyaya ɗaki guda biyu da ba a kashewa. Shi ya sa ko ana zafin da kowa ke neman inuwa za ka gan shi cikin suwaita ruwan toka, har sunansa na gaskiya ya ɓace. Tun daga maigadi har shugaban asibiti, Mai Suwaita ake ce masa.

A ɗakin akwai manyan kwamfutoci biyu cikin keji na ƙarfe, su ake kira saba. Katin kowane majinyaci, sakamakon gwajin jini, maganin da likita ya rubuta, duk cikinsu suke zama, daga nan kwamfutocin sama ke ɗauka. Ɗaya ce ke aiki, ɗayar tana jira, in ta farko ta faɗi sai ta biyu ta karɓa. Da ya shiga sai ya kai bayan hannunsa jikin kejin kamar uwa mai duba zazzaɓi. Sannan ya zauna ya karanta log, wato rubutun da saba ke yi da kanta na duk abin da ya gudana a cikinta, minti bayan minti. Ni sau ɗaya na leƙa, kaina ya sara. Shi shekara goma sha tara ke nan yana karantawa kowace safiya.

Bayan log sai rajistar matsaloli. Duk wanda manhajar asibiti ta yi wa gardama, a nan yake rubuta kukansa, a ba shi lamba, shi ne tikiti. Kowane tikiti yana da matsayi: sabo, ana dubawa, an gyara, an rufe. Akwai kuma wani matsayi da kamfanin da ya sayar mana da manhajar ya fi so, wato "an gwada, ba ta maimaita ba". Ma'anarsa a takaice, mu ba mu gani ba, ƙila idonka ne.

Ni sakatariya ce a ofishin gudanarwa, kuma ba zan yi ƙarya in ce ina cikin masoyansa tun farko ba. Mutum ne mai naci. Ka ce masa kwamfuta ta ƙi, sai ya ce ƙarfe nawa, me ka danna, me ta rubuta, ka sake yi a gabana. Na sha ce masa, "Malam, ni gyara na zo nema, ba shari'a ba." Sai ya gyara zaman tabarau ya ce, "To, ƙarfe nawa?" Yanzu da zai bar aiki ni ce na ɗauki biro, domin akwai abin da na gani da idona, akwai kuma abin da na buga da hannuna.

Muna da wata mai ɗibar jini a ɗakin gwaji, Antin Lab ake ce mata. Shekara goma sha huɗu tana aikin, iyaye kan bar layin wasu su jira nata saboda hannunta ba zafi. Wata rana ta buɗe tikiti, ta ce ta ga kwalabe biyu na mutum biyu ɗauke da lamba ɗaya. Mai Suwaita ya tura wa kamfani. Bayan mako biyu amsa ta dawo: an gwada, ba ta maimaita ba. Ya duba iya dubawarsa bai ga komai ba, ya rufe tikitin da hannunsa.

Wata biyar bayan haka aka kwantar da wani yaro ɗan shekara shida. Aka ɗibi jininsa don a ga lafiyar ƙodarsa kafin a ba shi wani magani mai ƙarfi. Sakamako ya fito lafiya lau, aka ba shi cikakken magani. Ashe sakamakon wani babban mutum ne da aka ɗiba a wani tebur daban, ƙodar yaron kuwa dama ta gaza. Kwana huɗu ya yi ya rasu.

Aka kafa kwamiti, ni ce mai rubuta bayanin zama. Mai Suwaita ya kawo log ɗin ranar, ya nuna lamba ɗaya ta fita sau biyu. Injiniyan kamfani ya yi murmushi ya ce ai in ma'aikaci ya danna sau biyu haka za a gani, kuma tun da aka yi manhajar ba ta taɓa yin haka da kanta ba. Antin Lab ta ce, "Ranka ya daɗe, na faɗa tun watannin baya, yana nan a rubuce." Shugaban kwamiti ya duba takarda ya ce, "Wannan tikitin an rufe shi. Ba a samu komai ba." Na ɗaga kai na kalli Mai Suwaita, ya sunkuyar da nasa. Aka kore ta, aka karɓe lasisinta. Ni na buga takardar, ni kuma na bi allunan sanarwa guda bakwai na manna ta, don ya zama darasi ga na baya.

Washegari ya sake buɗe tikitin. Tun daga ranar ba a ƙara zaman lafiya da shi ba. Duk ƙarshen wata uku ana kai wa hukumar asibiti rahoto, ana so a ga tikiti duk a rufe, shi kuwa wannan ɗaya yana nan a sama, ja wur. Sau biyar ana aiko ni da saƙo. Na ƙarshe na sauka da fushina na ce, "Malam, don Allah ka rufe abin nan kowa ya huta. Yaron ba zai dawo ba." Bai ko juyo ba. Ya ce, "Hajiya, na taɓa rufe shi sau ɗaya. Kin ga abin da ya biyo baya." Na hau sama, ranar ban iya cin abincin rana ba.

Abin da ban sani ba sai daga baya, log ba ya daɗewa, duk bayan kwana casa'in saba tana share tsoho ta rubuta sabo. Shi kuwa ya riƙa kwashe kwafi yana adanawa, kowace safiya yana bin lambobin kwalabe ɗaya bayan ɗaya, yana neman wadda ta fita sau biyu. Shugabar nas ta ɗakin mata ta ba ni labarin ranar da ya kira ta ya ce kada a ba matar gado na tara komai sai an sake ɗibar jininta. Ta ce har ta so ta ce masa wa ya naɗa shi likita, sai ta fasa, ta sa aka sake. Sakamakon farko ba nata ba ne. Haka ya sake yi da wani dattijo mai ciwon suga bayan wata goma. Duka lokutan biyun Antin Lab tana gida, amma kamfani ya ce ai masu danna sau biyu ba su ƙare ba.

Ya zama yana da ranaku uku a hannu, bai san abin da ya haɗa su ba. Ya zargi na'urar buga lamba, ya zargi wayoyi, ya zargi kansa. Baba Mai Janareta, mai kula da injin wutar asibitin, shi ya ba ni ragowar labarin. Ya ce yana zaune a rumfarsa da rana sai ga Mai Suwaita, ya gaishe shi, ya ce, "Baba, kana rubuta lokacin da ake ɗauke wuta?" Baba ya ce, "Ni da nake rubutawa tun kana makaranta?" Ya shiga ya ɗauko littattafai masu warin man dizal. Suka zauna a benci suna bi da yatsa. Duka ranakun uku, a daidai mintin da lambar ta fita sau biyu, an ɗauke wuta. Baba ya ce mutumin nan ya cire tabarau ya daɗe yana kallon ƙasa, har ya zaci wani abu ya same shi.

Ga abin da ke faruwa, yadda ya fahimtar da ni. In wuta ta ɗauke, saba ta farko kan yi ɗif na ɗan lokaci, ta biyu ta karɓa. Amma ta biyun tana bayan ta farko da 'yan daƙiƙu, ba ta san an riga an ba da lambar ƙarshe ba, sai ta sake ba wani. Kwalabe biyu, lamba ɗaya, sakamakon da ya shigo daga baya ya hau kan na farko. Kamfani kuma a ofishinsu suke gwaji, da saba ɗaya, inda ba a ɗauke wuta. Ko shekara ɗari za su yi ba za ta maimaita ba.

Ba a yarda ya gwada da sabar asibiti ba, kuma da gaskiyarsu. Sai ya tono tsofaffin kwamfutoci biyu daga sito, ya yi watanni yana haɗa su su zama kamar na ƙasa. Ya rubuta takarda sau uku kafin kwamiti ya yarda ya sake zama. Ranar ya jera su a kan teburin taro, ya ce injiniyan kamfani ya danna da hannunsa, sau ɗaya, shi kuma ya fizge waya daga bango. Sau goma sha ɗaya aka yi. Sau huɗu lamba ɗaya ta fito biyu. Shugaban kwamiti sai cewa ya yi a kashe fanka takardu na tashi. Lokacin shekara uku da wata biyu ke nan da rasuwar yaron.

Cikin mako guda aka gyara manhajar. Aka ba ni wata takarda in buga, layi uku, cewa bayan ƙarin bincike an janye hukuncin da aka yanke wa ma'aikaciyar. Na tambaya allo nawa zan manna. Aka ce a sa a ambulan, a liƙe, kada a tayar da abin da ya kwanta.

Ni da Mai Suwaita muka kai wa Antin Lab. Mun same ta a gidan yayanta, a ɗakin baya, ta rame har sai da ta yi magana na gane ta. Ta karanta takardar sau biyu, hannunta na karkarwa. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Malam, ka san me? Da farko na san ban yi ba. Da kowa ya ce na yi, sai na fara tunanin ko na yi ban sani ba. Shekara uku ina roƙon Allah gafarar ran yaron nan." Ya ce, "Anti, ke kika fara gani, kika faɗa. Ni na rufe. Ki yafe mini." Sai ta ce, "Uwar yaron fa? Har yanzu ni take gani in ta rufe ido."

Ba aikinsa ba ne, kuma an hana. Ya nemi adireshin uwar a tsohon kati ya je shi kaɗai. Matarsa ta gaya mini da ya dawo bai ce komai ba sai, "Na faɗa mata na'urar da ke hannuna ce." Abin da uwar ta mayar masa bai taɓa gaya wa kowa ba, ni ma ban tambaya ba.

Malam, kai ne wanda aka ba amsa mai sauƙi, mai hatimin kamfani, ka ƙi karɓa. Kai ne ka yi kuskure sau ɗaya, ba ka ɓoye shi ba, ka ɗauke shi a ka shekara uku ana maka kallon mai taurin kai. Matar gado na tara tana nan da 'ya'yanta, ba ta san kana duniya ba. Dattijon nan ma haka. Ƙarshen watan nan za ka miƙa makullin ɗakin ƙasa, na kuma ji ba a shirya maka taro ba, an ce ai kai ba mai son hayaniya ba ne. Na gode, a madadin waɗanda ba su san ya kamata su gode ba. Allah Ya saka maka, Ya ba ka lafiyar idon da ka ƙarar a gaban allon nan.

Ku kuma masu riƙe da irin wannan aiki, a asibiti ko a ko'ina, in wani ya ce muku ya ga abu, kada don ba ku gani ba ku ce babu. Ku tambaye shi ƙarfe nawa, ku saurara, ku bar tikitin a buɗe ko da zai ɓata muku rahoto.

Antin Lab ba ta dawo aiki ba, hannun da ke rawa ba ya riƙe allura. A unguwarsu har yau akwai masu nuna ta da baki. Takardar da ta ɓata mata suna ni na manna a allo bakwai, wadda ta wanke ta kuma ni na liƙe a ambulan. Saboda haka ga shi na rubuta inda kowa zai gani: ba ita ta kashe yaron nan ba.