Sanarwar Rasuwar Mai Rai

Shekara talatin da ɗaya Akawu ya yi yana buga takardu a ofishin wani kamfanin gyaran manyan motoci, kuma waɗanda suka yi aiki da shi sun haɗu a kan shaida ɗaya: ba a taɓa mayar masa da takarda don gyara ba. Teburinsa yana jikin taga, daura da ƙofar manaja, inda ƙarar guduma daga gareji take gauraya da ƙarar tafiretarsa. Ba sauri ne sirrin aikinsa ba, shiri ne tun kafin a buƙata. Idan ya ji ƙishin-ƙishin za a yi wa wani ƙarin girma, sai ya buga takardar, ya bar gurbin kwanan wata, ya sa a aljihun tebur. Idan direba ya fara yawan makara, takardar gargaɗinsa tana ajiye tun kafin ran manaja ya ɓaci. Ranar da aka ce, “Akawu, a rubuta,” sai ya cike gurbi ya miƙa. An yabe shi a kan wannan hali, shi ma ya yi tinƙaho da shi.

A watan da aka ɗauke shi aiki aka ɗauki wani bakanike da kowa ke kira Dogo, wanda daga baya ya zama shugaban gareji. Dogo mutum ne mai babbar murya da yawan tsokana, Akawu kuwa ƙaramin jiki gare shi, maganarsa a ƙidaye. Duk da haka amincinsu ya kai inda Akawu ke shiga falon gidan Dogo da sallama ɗaya, ’ya’yan gidan suna kiransa Baffa, uwargidan kuma tana aika masa da faɗa idan ya kwana biyu bai leƙo ba. Da suka yi ritaya suka kafa ƙungiyar tsofaffin ma’aikatan kamfanin, Dogo ya zama shugaba, Akawu sakatare.

Ƙungiyar ta buɗe shafi a wani dandalin sada zumunta, aka damƙa wa Akawu kula da shi. Da yatsa ɗaya ya koyi rubutu a waya, tabarau a kan karan hanci. Sanarwar taro yake wallafawa, da ta samun jika, sai kuma ta rasuwa, wadda ta riƙa yawaita da tafiyar shekaru. Babu abin da ke ƙona masa rai kamar sanarwar rasuwa da aka yi cikin gaggawa, an karkace sunan mamaci, an rage masa shekarun aiki. A ganinsa wannan cin zarafin wanda ba shi da bakin gyarawa ne. Wata rana ya fara rubutu aka kira shi, da zai fita sai manhajar ta tambaye shi ko a ajiye rubutun a matsayin daftari. Ya amsa da e. Da ya dawo ya tarar da shi yadda ya bar shi, ba wanda ya gani. Ranar ya yi murna, don ya ɗauka ya sami wurin ajiya da mabuɗinsa ke hannunsa shi kaɗai.

A shekara ta shida da ritayarsu Dogo ya yanke jiki ya faɗi a tsakar gida. A asibiti, kwana uku bai san wanda ke kansa ba. Akawu yana tsaye a baranda lokacin da likita ya ce wa iyalin su yi ta addu’a, ya kuma ga yadda likitan ya kawar da ido. Ya koma kan benci ya zauna. Hannunsa ya ciro waya tun kafin zuciyarsa ta yanke shawara. Abin da ya faɗa wa kansa shi ne, idan ta Allah ta kasance, ba zai iya riƙe waya ba, kuma ba zai yarda wani ya rubuta wa Dogo sanarwa ta jeka-na-yi-ka ba. Ya rubuta cikakken suna, da shekarun aiki, da adadin ’ya’ya da jikoki. Ya bar gurbin rana da na sa’a. Ya ajiye.

Da nan abin ya tsaya, da da sauƙi. Amma Akawu bai iya barin rubutu da aibi ba. Cikin kwana tara ya koma kan rubutun sau bakwai, yana sauya kalma, yana gyara waƙafi, wani lokaci a kan bencin nan, wani lokaci a kujerar da ke gefen gadon mara lafiya.

Dogo bai mutu ba. A mako na biyar aka sallame shi, yana jan ƙafar hagu, bakinsa kuwa ya dawo garau. Akawu ya yi farin ciki na gaskiya, sai dai a hanyarsa ta komawa gida ya tuna da abin da ya ajiye. Yana isa ya buɗe waya don ya goge. Ashe a ’yan makonnin nan manhajar ta sabunta kanta. Launinta ya sauya, maɓallan sun yi ƙaura, wurin da ya saba dannawa ya ga daftarinsa babu shi babu alamarsa.

Ya yi nema har ya gaji. Ya danna hoton shafin, ya danna ƙararrawa, ya shiga saituna ya fito. Sau biyu ya kusa wallafa rubutu marar komai. Matarsa ta dube shi yana gumi a kan kujera ta ce, “Malam, wai me ya ɓace maka a cikin wayar nan? Ko kishiya ka ajiye mini a ciki?”

“Aikin ƙungiya ne,” in ji shi, bai ɗago ba.

Ya je wurin mai gyaran waya a bakin titi, ya tambaya a kaikaice, wai wani abokinsa ne ya ajiye rubutu ya rasa inda yake. Mai gyara ya miƙo hannu ya ce, “Kawo wayar abokin naka, Baba, ga ta nan a aljihunka.” Akawu ya dafe aljihu ya ce zai dawo. Bai dawo ba. Duk wanda zai nemo masa rubutun sai ya karanta layin farko, layin farko kuwa ya ishi mutum shiga uku. A ƙarshe ya lallashi kansa cewa sabuntawar ta share komai, ya ɗan sami natsuwa.

A taron da ya biyo baya aka ba da shawara a ƙara mutum ɗaya cikin masu kula da shafin, tunda shugaba bai gama warwarewa ba, idon sakatare kuma ya fara rauni. Aka zaɓi autar Dogo, malamar makaranta ce, mai ’ya’ya uku. Akawu ne ya fara ɗaga hannu. Abin da bai sani ba shi ne, daftarin shafi ba a cikin wayar mutum yake zaune ba. Yana tare da shafin ne, kuma duk wanda aka ba ikon kula da shi yana ganinsa.

Ranar Asabar da hantsi Auta ta yi sallama a gidansa. Ta gaida matarsa, ta jira har ta shiga kicin, sannan ta zauna a ƙasa kusa da kujerarsa kamar yadda ta saba tun tana ƙarama. Ta miƙa masa wayarta. Ya gyara tabarau. Sunan Dogo ne a sama, da kalmomin da shi kansa ya tsara.

“Baffa, kai ka rubuta wannan?”

Ya sunkuyar da kai. Ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

“Na san kai ne,” in ji ta, “babu mai sa waƙafi haka sai kai. Da farko na ɗauka ranar da likita ya tsorata mu ka yi shi, na ce to, ruɗewa ce. Sai na ga an rubuta gyaran ƙarshe ranar Talata, ƙarfe huɗu da kwata. Baffa, ranar ina ɗakin. Kana riƙe da hannunsa kana cewa, ‘Tashi za ka yi, Dogo.’ Da na fita kiran nas ka gyara?”

“Harafi ɗaya ne ya faɗi a sunan kakanku,” ya ce. Yana rufe baki ya gane cewa da ya yi shiru da ya fi.

Auta ta share ido da gefen mayafi. Ta karɓi wayarsa, ta nuna masa a hankali, irin yadda take yi wa ’yan aji: ya shiga shafin ƙungiya, ya danna layuka ukun nan na sama, ya gangara ƙasa inda aka tara rubutun da ba a wallafa ba. Ga shi nan, tare da wasu tsofaffin sanarwar taro guda huɗu da ya manta da su. Dannawa uku ce kacal tsakaninsa da abin da ya yi wata guda yana nema.

“Ban faɗa wa kowa ba, kuma ba zan faɗa ba,” in ji ta. “Ni ba zan taɓa shi ba. Kai ka rubuta, kai za ka goge.”

Ya danna. Manhajar ta tambaye shi ko ya tabbata. Ya tabbatar.

Rubutun ya tafi, kunyar ta zauna. Mako biyu Akawu bai taka gidan Dogo ba. Sau biyu ya kai bakin layinsu ya juya. Ya san Auta za ta riƙe alkawari, amma ya kasa hango yadda zai zauna a falon nan, uwargida ta kawo masa shayi tana yi masa godiyar jelen asibiti, Auta kuma tana kallo. A rana ta goma sha biyar waya ta yi ƙara.

“Kai Akawu,” in ji Dogo, “mutuwa ka yi ne ba a sanar ba?”

Washegari da la’asar ya je. Dogo yana kishingiɗe a doguwar kujera, sandarsa a gefe, uwargida tana ninke wanki. Akawu ya ƙi zama inda ya saba, ya ɗosana a bakin kujerar da ke kusa da ƙofa, ya cire hula ya riƙe. Ya faɗi komai, har da ranar Talata. Bai ambaci Auta ba.

Dogo ya ɗaga kai ya dubi rufi. Ya ce, “Yana ina?”

“Na goge.”

“Ka goge a waya. Na san ka, yana nan a kanka. Karanto mu ji.”

Akawu ya roƙe shi ya bar maganar, Dogo ya buga sanda a ƙasa. Dole ya karanto, idonsa a kan tabarma, tun daga suna har zuwa inda ya rubuta cewa marigayin bai taɓa barin yaron gareji ya shiga ƙarƙashin mota ba sai shi da kansa ya duba jak ɗin da aka ɗaga ta da shi. A nan muryarsa ta karye.

“Marigayi,” Dogo ya maimaita, kamar yana ɗanɗana kalmar. “To gurbin ranar fa? Wace rana ka sa mini a ranka, ɗan nema? Kuma jikokina goma sha biyu ne, ba sha ɗaya ba. An haifi ɗaya ina kwance. Ga takardarka ta farko da aka mayar maka.” Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, amma da ya lafa sai ya ce a hankali, “Ka yi abin kunya, Akawu. Na ji zafi, kada ka ga ina dariya. Sai dai na gwammace na ji daga bakinka.”

Uwargida ba ta yi dariya ba. Ta ajiye rigar da ke hannunta ta miƙe.

“Mu muna can muna kuka muna roƙon Allah ya bar mana shi, kai kana gefen gadonsa kana gyara waƙafi,” in ji ta. “Shekara talatin da bakwai ina ce maka ɗan’uwa.”

Ta shige ɗaki ta saki labule.

Akawu bai yi musu ba, bai kuma aika kowa ya ba da haƙuri ba. A taro na gaba ya nemi a sauke masa rubuta sanarwar rasuwa, ya ba da dalilin ido, aka miƙa wa Auta. Dogo bai faɗa wa ’yan ƙungiya komai ba, ko da yake idan su biyu ne yakan tambaye shi ko an sa rana. Akawu ya koma zuwa gidan duk bayan kwana biyu, amma a baranda yake tsayawa, Dogo ya jawo ƙafa ya fito su zauna a benci. Uwargida tana amsa gaisuwarsa daga bayan labule, a taƙaice. Shayi kuwa jikoki take bai wa su kawo.

Haka aka yi wata huɗu. Wata ranar Laraba da azahar zafi ya tsananta, inuwar barandar ta janye, tsofaffin biyu suna ta matsawa jikin bango. Labule ya motsa. Uwargida ta leƙo, ta dubi mijinta, ba ta dubi baƙon ba.

“Rana za ta tayar maka da ciwo,” in ji ta. “Ku shigo ciki. Shi ma ya shigo, ba zan iya hidima wuri biyu ba.”

Dogo ya zunguri Akawu da sanda. Akawu ya cire takalmi, ya jera su a bakin ƙofa, ya yi sallama sau biyu kafin ya ɗaga ƙafa.