Buzu a Kujerar Baya

Na daɗe ina juya maganar nan a raina kafin in yarda in rubuta ta. Nakan ɗauki biro in ajiye, domin karatuna bai wuce firamare ba, kuma ina tsoron in ɗora wa masu ƙera mota abin da ba su yi ba, a tambaye ni ranar gobe. Saboda haka ba zan faɗi sunan motar ba. Ta Faransa ce, doguwa, mai kujeru layi uku, irin wadda ta cika titi a shekarun da kuɗin man fetur ya shigo ƙasa. Wanda ya san ta ya san ta.

Yayana ne ya saye ta. Malamin gona ne, ni kuwa tela a Sabon Garin Wudil. Kafin ita, zuwa Kano a wurinmu a-kori-kura ce: ka zauna a kan benci, tukwane a gabanka, akuyar wani a bayanka, kowane rami na hanya ya rubuta sunansa a ƙugunka. Wannan kuwa sai dai ka ga rami da ido, ta haɗiye shi kafin ya iso gare ka. Bayanta yakan ɗauki buhunan gero daga gonarmu ta Darki, har da wurin kaji. Idan ta hau gadar Wudil, kafin ka gama ɗaga wa masunta hannu ta sauka. Wannan ɓangaren bai taɓa yi min daɗi ba. Ni maɗaurin da ke saman ƙofa nake riƙewa, ina kallon allurar gudu.

Sabuwar mota da leda take zuwa a kan kujeru, kuma a garinmu ba a cire ta, don ita ce shaidar sabunta. Yaya ya bar tasa har bazara, sai da ta manne wa surukinsa a riga ta biyo shi waje. Ranar ya yage ta gaba ɗaya.

A nan na fara ganin kujerar da kanta. Ruwan ƙasa ce, mai laushi, cike da ƙananan huji. Da ma wani mai kawo min ɗinki ya taɓa gaya min cewa fatar alade da hujinta ake gane ta, uku-uku suke zama. Na sunkuya na duba. Idan na duba ta dama uku-uku ne, idan na duba ta hagu layi ne kawai.

Na tambayi Yaya a tsakar gida, murya ƙasa-ƙasa.

"Yaya, kujerun nan, fata ce ko roba?"

"Kujera ce."

"Na sani. Amma in fata ce, ta mece ce? Wa ya yanka dabbar?"

"Malam Wasiwasi, ni na yanka. Na je har Faransa da wuƙata."

"Ba wasa nake ba. Da rigunan nan muke salla."

Mahaifiyarmu tana kwance a rumfa, na ɗauka barci take. Yanar ido ta hana ta gani a lokacin, amma kunnenta ko faɗuwar allura ba ta wuce shi. Yaya ɗan fari ne, ba ta kiran sunansa, ba ta ma yi masa magana kai tsaye. Ta bakina take aika masa saƙo ko da yana tsaye a gabanta.

"Auta, gaya wa mai motar ni ba zan hau alade ba."

Ga kuma inda matsalar take. Likitan ido a Kano ya riga ya sa mata ranar aiki, ya ce wanda ya rasa ranarsa sai layi ya sake zagayowa, kuma yanar ba jira take ba. A-kori-kura ba ta yiwuwa, domin zuwan farko da ta yi a ciki ciwon bayanta ya kwantar da ita, sai da ta daɗe tana salla a zaune. Motar Yaya ce kaɗai za ta kai ta lafiya, ita ce kuma ta ce ba za ta hau ba.

"Gaya mata roba ce," in ji Yaya.

"Inna, ya ce roba ce."

"Kai fa, me ka ce?"

Ban sani ba, kuma ba zan ce na sani ba. Yaya ya yi min kallon da har yau ban manta ba, ya sa hularsa ya fita.

Na je wurin limamin unguwarmu. Ya ce abin da ba ka da yaƙinin najasarsa, asalinsa tsarki ne. Ya ƙara da cewa ko da najasa ce, busasshe a kan busasshe ba ya ɓata tufa. Na ce, "Allah gafarta Malam, gumi fa?" Ya ce wane gumi? Na ce wanda mutum yake yi a mota a bazara, har rigarsa ta jiƙe sharkaf. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce in riƙa sauke gilashi.

Ranar Juma'a na kai wani tsohon baduku daga kasuwa ya duba. Ya shafa, ya shinshina, ya ce ƙanshin Turawa ya rufe komai. Hanya ɗaya ce, a yanko ɗan ƙyalle a ƙona: fata za ta yi ƙauri, roba za ta narke. Na kai wa Yaya wannan shawara, har na ce zan ɗinke wurin da hannuna ba wanda zai gane.

"A yanki kujerata? Fara yanko kunnenka mu ƙona, mu ga ko na mutum ne."

Ranar aiki tana ta matsowa. Matar Yaya ta daina amsa gaisuwata da kyau. Inna kuma tana lallaɓa bango tana neman buta, tana cewa ido ai na Allah ne, in Ya so Ya buɗe.

Ana jibi za a tafi na shiga ɗakin marigayi mahaifinmu neman wani abu, sai na ga buzunsa rataye a ƙusa. Na ragon layya ne, shi ya yanka da hannunsa, a kansa ya yi salla har ya bar duniya. Wannan fatar dai na san asalinta, har naman na ci. Na sauko da shi na kaɗe. Don kada in yi ƙarya, na shimfiɗa shi a kan busasshiyar tabarma, na zuba masa ruwan buta, na zauna na jira. Da na ɗaga, tabarmar a bushe take.

Na kai wa Inna ta shafa. Ta gane shi tun kafin in yi magana.

"Ya isa ya tare?"

"Ruwan buta bai ratsa shi ba, Inna."

Raina ya so ya ƙara cewa gumi ba ruwan buta ba ne, yana da gishiri, ban kuma gwada da gishiri ba. Na haɗiye.

Da hantsi muka tashi. Aka shimfiɗa buzun a kujerar baya, wani zane a majingina, Inna ta zauna ta naɗe hannu don kada ta taɓa komai. Ni na sa wata riga da na ware, wadda ba zan yi salla da ita ba, na riƙe tawa ta salla a cinya. Yaya ya ja motar a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Mun sauka daga gada, mun yi nisa, sai Inna ta ce, "Auta, gaya wa mai motar in ya gama gaishe-gaishen ya tayar mu tafi."

Na ga kunnen Yaya ya motsa. Ina jin duk yabon da aka yi wa motar nan babu wanda ya kai masa wannan.

Aibi ɗaya na gani a tafiyar. Kujerar tana da santsi, bayan buzu ma haka, saboda haka a kowace kwana Inna takan taho wurina ita da buzun gaba ɗaya, in tura su su koma. Haka muka isa Kano.

Aka yi aiki, Allah Ya sa aka dace. Ranar da aka sallame ta, ta fito da ƙafarta ba mai riƙe ta, ta tsaya a bakin motar ta leƙa. Ta daɗe tana kallon kujerar.

"Wannan ce?"

"Ita ce, Inna. Fata ce ko roba?"

"Ni ido likita ya gyara min, bai koya min dukanci ba. Shimfiɗa buzun."

Ta ci gaba da hawa motar har ƙarshen rayuwarta, kullum a kan buzu. Daga baya Yaya ya sayar wa wani direban haya, shi kuma ya sake wa kujerun riga. Da labari ya zo min na bi sawu har wurin mai gyaran, ya ce tsofaffin ya zubar tuni.

Rigar nan da na ware tana nan a akwatina. Shadda ce mai kyau, ni na ɗinka, ko sau ɗaya ban kai goshi ƙasa da ita ba. An ce in wanke ta kawai. Na wanke, amma wanki bai gaya min abin da na wanke ba. Saboda haka nake roƙon duk wanda ya karanta wannan, in ya taɓa aikin kujerun irin motar nan, ko yana da tsohuwa a bayan gida da zai yarda a yanki ɗan ƙyalle a ƙona, don Allah ya sanar da ni abin da ya gani, ƙauri ko narkewa. In ya ce narkewa, ya taimaka ya faɗa min ko kujerar baya ya yanka, domin ban tabbata iri ɗaya ce da ta gaba ba.