Ƙahonin da Yaya Ya Binne a Bayan Gida

Yayana ya dawo unguwarmu ta Kilomita Biyar a Bangui bayan shekara tara a Faransa, da akwati ɗaya da baki cike da labarin inabi. A can ya yi wa wasu iyali aiki a gonarsu ta gado, a gindin wani dutse da ya taɓa aman wuta, inda suke matse inabi su yi giya. Ya rantse mana bai taɓa kurɓa ba. Ban musa masa ba, don abin da ya kwaso ya fi giya juya kai.

"Ƙasarsu baƙa ce wuluk, Inna," in ji shi. "Ba ruwansu da takin zamani. Tsayuwar wata suke dubawa kafin su yi shuka."

Inna ta ce, "To, madalla," ta ci gaba da juya masarta. Tun kafin a haife ni take suyar masa a ƙofar gida, duk layin kuwa a hannunta suke karyawa.

Bangui ba ta da dutse mai aman wuta, amma wannan bai dami masanin namu ba. Ya tuge rogon da Inna take tsinkar ganyensa ta yi mana miyar ngunza, ya barbaɗa garin gawayi har jar ƙasarmu ta yi baƙi, ya tsaya yana kallonta yana gyaɗa kai. Sannan ya hau babur ya je wurin mahauta ya dawo da ƙahonin shanu shida. Ya cusa musu kashin saniya, wai za su kwana a ƙasa wata shida su zama taki mai rai. Da rana tsaka ya binne su, matan maƙwabta suna shanya suna leƙowa ta saman langa-langa.

Na ce, "Yaya, a unguwar nan kake binne ƙaho? Ka manta abin da ake nufi da shi?"

Ya dube ni da tausayi. "Ke ba ki fita waje ba, ba za ki gane ba."

Wallahi har yau in na tuna kallon nan sai raina ya ɓaci. Mutum ya san ranar da wata yake son inabi, amma bai san cewa a wurinmu mai sammu ne kawai yake binne ƙaho ba.

Kafin Juma'a zance ya kai kasuwar Kokoro, da Hausa da yaren Sango: an binne asiri a gidan mai masa. Masu saye suka fara wucewa ta wancan gefen titi. Sai jikar maƙwabciyarmu ta kwanta da zazzaɓi. Matar nan aminiyar Inna ce, tare suka yi goyo, amma ta daina amsa gaisuwa.

Da aka yi wata biyu a haka, Inna ta ɗauki fartanya da kanta, ta tono ƙahonin, ta zazzage su a ƙofar gida a gaban kowa. Yaya yana bayanta yana cewa, "Haba Inna, saura wata huɗu fa su nuna!" Ita sunanta take haƙowa, shi kashin saniya yake wa kuka.

Inabin da ya dasa a gurbin rogon bai ko fitar da fure ba. Yaya ya koma Faransa yana cewa ƙasarmu ce ba ta da kyau.

Da Sallah Inna ta zuba tuwo da miyar taushe a kwanonta mafi kyau, ta ba ni na kai wa aminiyar tata kamar kowace shekara. Bayan la'asar aka dawo da kwanon, ba a ko ɗaga murfin ba. Inna ta wanke hannu, ta zauna ta cinye shi da sanyinsa, ba ta ce da kowa ya zo ya taya ta ba.