Mai Jakar Jibi a Tashar Tsamiya

A tashar Tsamiya, dab da iyakar Benin, wani dattijo na zaune a gidan gaban mota, rungume da baƙar jaka. Farar rigarsa ta sha guga, kuma duk wanda ya matso sai ya yatsine fuska kamar ya ji wari.

"Kada ka taɓa!" ya daka wa direba tsawa. "Kayan Jibin Ubangiji ne."

Ina zaune a kujerar bayansa. Ni ma Kirista ne, na san abin da ke ciki: gurasa da ruwan inabi, waɗanda muke tarayya a kansu don tuna jiki da jinin Almasihu.

Wata tsohuwa mai ƙaramin gicciye a wuya ta ji, ta rusuna a bakin taga. "Baba, maigidana na kwance bayan kasuwa, wata uku bai taka ƙasa ba. Jibi kaɗai yake roƙo."

Ko kallonta bai yi ba. "Ina katinsa na coci? Ina aka yi masa baftisma?"

"A ƙetare ne, Baba, tun da ƙuruciya."

"To, ku koma ƙetaren."

Yana goge tabarau da bakin riga, ba gaggawa. Ina jin ya daɗe yana tsaron teburin Ubangiji, har ya ɗauka nasa ne. Tsohuwar ta miƙe tana dafa gwiwa.

"Allah shi kai ku lahiya," in ji ta.

Shi kuwa sai ya ɗaga gilashin taga.