Gwaggon Ɗakin Sanyi

Kafin kowa ya iso, Gwaggo ta riga ta sauka ɗakin gwaji na ƙarƙashin bene. Taga babu, sai fitila mai kyarma da tankunan ruwan naitirojin mai tsananin sanyi suna huci kamar masu barci. Takan gaishe su. Mun sha jin ta.

Aikinta rainon wasu ƙwayoyin sinadari ne masu ƙarfe a tsakiya. Farare ne fat, amma da sun sha sanyi sai su rine su koma shunayya, ba tare da an taɓa su ba. Malamai sun ce lantarkin cikin ƙarfen ne ke sake zama. Ita kuwa cewa take suna da riƙo, don ko ɗumi ya dawo ba sa saurin hucewa. Ɗalibai da yawa sun samu digiri da ƙwayoyin da ta raina, sunanta bai fito a ko'ina ba.

Wata safiya ta tarar da ƙofar a rufe, ɗakin shiru. Ta leƙa ta gilashi. Ƙwayoyin da ta bari farare kusa da tanki duk sun rine. Farin tururi ya kwanta a ƙasa, a cikinsa kuma ga hannun mutum, yatsu a buɗe.

Dakta ce, mai binciken ƙwayoyin, da tsohon ciki. Tanki ne ya yi yoyo. Iskar da ke fita daga cikinsa ba ta da wari. Iskar numfashi kawai take korewa, mutum ya sulale. Mai shara ya ga lokacin da Gwaggo ta wangale ƙofofi, ta riƙe numfashi, ta shiga. Ta jawo Dakta har bakin bene, ta koma ta murɗe famfon tankin da hannu tsirara. Sanyin ya ƙone yatsunta biyu, ba su ƙara jin komai ba.

Da Dakta ta farfaɗo tana kuka, abin da Gwaggo ta ce kawai shi ne, "Cikin ya motsa?"

Ya motsa. Bana yaron ya shiga sakandare.

Gwaggo, ke ce mai shiga inda ake gudu. Yau da kike ajiye aiki mun tambayi abin da kike so, kika ce kada a ƙara barin kowa shi kaɗai a ɗakin nan. Mun ɗauka. Mun gode, Allah Ya saka miki. Mu da muka rage, kowa ya riƙa leƙa ɗan'uwansa.