Yau Da Baƙuwa, A Juya Hagu

Ni 'yar fari ce, kuma duk wanda ya tashi a ƙauyukanmu na wajen Makoda ya san abin da hakan ke nufi. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba ta haɗa ido da ni, ba ta miƙo min abu hannu da hannu. Ana yaye ni Goggo ta ɗauke ni zuwa Zakirai, can na girma, can na yi karatu har na zama malamar firamare. In na zo gida hutu, sai in ji Inna ta ce wa autarmu, "Kawo wa baƙuwa ruwa." Baƙuwa fa, a gidan da aka binne cibiyata. Na san kunya ce, kowa ya gaya min kunya ce, amma sanin bai taɓa hana abin ci min rai ba. Abin da nake nema wurinta ba wani babban abu ba ne, alama ɗaya kawai da za ta nuna min ina ranta.

Wuri ɗaya ne muke zama tabarma ɗaya da ita, wato wajen karta. Kawu ne ya taɓa kawo mana ita daga Kano, irin mai zanen da'ira da gicciye da akwati da dala mai kusurwa uku da tauraro. Baba ya jujjuya ta, ya ga babu hoton mutum, ya ce to, amma da sharaɗi: ba a sa ko ƙwayar gyaɗa a kai, kuma da an kira la'asar a tattara. Wasan da Kawu ya koya mana bai yi sati ba muka manta shi, muka ƙirƙiro namu, muka sa masa suna zaɓi-ki-miƙa. Ana raba wa kowa bakwai. Ki duba, ki zaɓi ɗaya ki kife a gabanki, ki miƙa sauran ga ta kusa da ke, ke ma ki karɓi na wata. Haka za a yi ta zagayawa har hannu ya ƙare. Abin da kika kife shi ne rumbunki. Uku iri ɗaya dami ne, mai dami da yawa ita ta ci. Tauraro kuwa yana shiga kowane dami, kuma ba su da yawa, shi ya sa kowa idonsa na kansa.

Wasa mai sauƙi kamar shan ruwa, amma a gidanmu ba a taɓa yin sa iri ɗaya sau biyu ba, kuma wannan shi ke hawar min kai. Kartar ƙarshe, wadda ke faɗo miki ba zaɓinki ba, Auta ta raɗa mata ƙaiƙayi. Ran da ƙaiƙayi ya cika mata dami, ana lissafawa da shi. Ran da ya cika min, sai ta ce ai ƙaiƙayi ba hatsi ba ne. Lokacin da take jego aka yi mata sassauci ta riƙa leƙa rumbunta, don wai mai jego mantuwa gare ta. Yaron ya yi ƙafa, ya fara bin awaki, ita dai tana nan tana leƙe. In Baba ya yi kira daga zaure, an fasa wannan hannun, ko da saura karta ɗaya. Sau nawa ina riƙe da dami biyu Baba ya nemi butarsa.

Amma duk waɗannan wasa ne a kan dokar Inna. Mu uku ne 'yan wasan. Inna na kan kujerarta 'yar tsugunno a bakin madafi, Auta a damarta, ni a hagunta, gefen inuwar darbejiya. In ba na nan, su da matan maƙwabta dama suke miƙawa, kamar yadda ake komai a gidan Musulmi. Amma da na zauna, sai Inna ta ce, tana kallon ƙasa, "Yau da baƙuwa, a juya hagu."

Hagu. Hannun da ko yaro ya karɓi abu da shi sai an buge masa. Kuma ba ta ba ni a hannu, sai ta ajiye kartar a tabarma ta turo da ɗan yatsa, kamar mai tura wa kaza tsaba. In na ɗauka na duba, sai in tarar da tauraro a ciki, wani lokaci har biyu. Ita kuwa ta kife wata banzar da'ira. Na riƙa cewa a raina, dubi, ko duba kartar ba ta yi, zaman ma dole ce ta sa ta, so take a gama in tashi. Ina yawan ci, amma cin ba ya min daɗi. Wane daɗi ne a cinye wadda ba ta ma san kina wurin ba?

Wata ƙaramar Sallah abin ya kai ni bango. Tun daga Zakirai na yago takarda daga littafin tsara darasi, na zauna na rubuta dokoki da jan biro, har da ja musu layi. Bayan azahar, an ci tuwon Sallah an shimfiɗa tabarma, Auta ta raba karta, Inna ta buɗe baki ta ce, "Yau da baƙuwa..."

Na ce, "Babu baƙuwa a nan, Inna."

Ban taɓa katse ta ba tun da nake. Amma na riga na ɗau zafi, sai na zaro takardar na shiga karantawa kamar ina gaban 'yan aji huɗu. Doka ta ɗaya, dama ake miƙawa, ko wa ya zo. Ta biyu, ƙaiƙayi hatsi ne, kullum. Ta uku, kowa ya zauna inda ya saba, ba canja wuri. Wannan don Auta na sa ta, saboda takan matso ta leƙa hannun mutum. Ta huɗu, ba leƙen rumbu, ko 'yan uku kika haifa. Na gama na ce, "Ni ma 'yar gidan nan ce. A yi da ni yadda ake yi da kowa."

Inna ba ta ɗago ba. Ta gyara ɗankwalinta, ta ce wa Auta, "To. A yi dama."

Aka juya. Yanzu Inna ke miƙa wa Auta, Auta ta miƙo min, ni in miƙa wa Inna. Wallahi ban taɓa ganin wasa irin na ranar ba. Matar da nake cewa ba ta duba karta, sai ga ta tana riƙe lissafin duk abin da ya wuce ta hannunta. In ta ga Auta na tara akwati, sai ta tsince akwatin ko ba ta bukatarsa. Tauraro kuwa ko ƙyallinsa bai wuce ta ba. Hannu uku muka yi, ta cinye duka ukun, ko murmushi babu. Na zauna da rumbuna cike da tarkace.

Auta ta watsar da kartarta ta ce, "Kin ga abin da kika jawo ko, Yaya? Ni haka take min kullum, ko ƙaiƙayin kirki ba ta bar min. Ke kaɗai ake bar wa tauraro, kika zo da takarda."

Da ta san abin da ta yi da wannan bakin nata, da ta haɗiye. Abin da Inna ta shekara da shekaru tana yi a ɓoye, Auta ta ɗauko ta shanya a rana. Inna ta miƙe ta ce bari ta duba wuta, alhali babu komai a murhu. Ni kuwa sai a lokacin lissafin ya fito min. In ana miƙawa dama, abin da ya bar hannun Inna wurin Auta yake zuwa. Sai an juya hagu yake zuwa wurina. Ba ta iya kiran sunana, ba ta iya sa min abu a hannu, sai ta nemi hanyar da za ta ba ni abu a gaban kowa ba tare da kowa ya ce ta ba ni ba. Ni kuma da karatuna da jan birona na zo na toshe hanyar. Haushin kaina ya kama ni har na kasa cin abincin yamma.

Na yi ta tunanin yadda zan gyara. In ce a koma hagu? Ai kamar na ce mata ne, Inna, na gane kina sona, ci gaba. Ba za ta taɓa yi ba, tunda an riga an faɗa da baki. Da babbar Sallah na zo da dabara. Tun kafin a gama shimfiɗa tabarma na yi wuf na zauna a damarta, wurin Auta, ina ta gyara zani kamar ba da gangan ba. In dama ake miƙawa, to ga ni a dama.

Inna ba ta karanta boko, amma abin da ya shiga kunnenta ya zauna. Ta dubi Auta ta ce, "Tuna wa Malama doka ta uku."

Auta ta kwashe da dariya har da riƙe ciki. Na tashi na koma gefen darbejiyata, ina jin kamar in nemo takardar nan in cusa a murhu. Ga shi kuma na samu sabon suna. An daina baƙuwa, an koma Malama, kuma har yau ban san wanne ya fi ciwo ba.

Tunda ni ke miƙa mata yanzu, sai na fara yin abin da take yi. In tauraro ya zo hannuna, sai in kife wata da'ira, in ajiye sauran a tabarma in tura mata. Ta duba, ta gan shi sarai, ta ƙi ɗauka, ta wuce da shi ga Auta. Auta kuwa, mara ta ido, caraf take kifewa. Haka muka yi ta yi, ni ina bayarwa, Inna na ƙi, Auta na tara dami tana mana waƙa. Taurari nawa na yi asara a rumbun yarinyar nan, Allah kaɗai ya sani.

Bara, bayan an gama roron gyaɗa, na je gida kwana biyu. Muka zauna kamar kullum. Na tura wa Inna hannu da tauraro a ciki, ta duba, ta zaɓi gicciye, ta miƙa wa Auta. Na ga idon Auta ya yi haske, yatsunta sun kama gefen kartar. Sai Inna ta yi gyaran murya, sau ɗaya, idonta na kan tukunya.

Auta ta tsaya. Ta dubi Inna, ta dube ni, ta ja tsaki ta kife wata dala, ta dangwara min sauran a cinya tana cewa, "Wannan kuma doka ta nawa ce?"

Na buɗe hannun, ga tauraron nan ya zagayo ya dawo. Na kife shi a rumbuna, ban ɗago kai ba, don kada in haɗa ido da Inna in sake ɓata mata shiri.