Malamar da Ta Raba Ni da Aikin Kunne

A kan rufin wani kanti labarin ya same ni, ranar Talata tara ga wata, da hantsi. Na hau ɗaura farantan sola ban ɗaure tsani ba, garin juyawa na ture shi da ƙafata. Ina leƙen wanda zai miƙo min shi sai ga wayar 'yata: "Baba, Malama ta rasu da asuba." Na zauna a kan kwano mai zafi ina salati, mai kanti yana ƙwala min kira daga ƙasa ko wuta ce ta ja ni. Na Allah muke, gare Shi za mu koma.

Malama, ke kike koyar da aikin sola a cibiyar koyon sana'a ta unguwarmu. Ni kuwa bakaniken janareto ne, karatuna ya tsaya inda malamin aji huɗu ya gaji da ni. Da mutane suka fara jingine janareto, shagona ya koma wurin hira, cefane ya fara gagara. 'Yata, ɗalibarki, ita ta ja ni ajinki, na zauna benci ɗaya da sa'o'in ƙannenta.

Mu masu janareto da kunne muke aiki. Inji ya yi tari, mun san ciwonsa. Ranar farko na kara kunne a jikin inbata, na'urar da ke juya wutar sola ta zama ta gida, na ji tsit, na sanar da aji cewa ta mutu, har na zaro sukudireba. Kika kira ni da laƙabin 'yata, kika ce, "Baban Injiniya, aiki take yi. Ba ta da surutu irin naka ne kawai. Me mita ta ce?" Yara suka tuntsire da dariya. Amma da aka tashi kika tsayar da ni, kika koya min karanta mitar ba idon kowa. Haka kika yi ta yi har na iya. Yau da wannan aikin nake ciyar da gidana.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka makwancinki, Ya sa ilimin da kika bari ya riƙa iske ki. Maigidanki da yaranki da ɗalibanki, Allah Ya ba ku haƙuri.

Saura nauyin da ke kaina. Akwai tsofaffin abokan sana'ata da kunya ta hana su zama da yara, shagunansu kuma na mutuwa. Kin buɗe musu ajin Asabar, kika ce in zo in taya ki, don yarenmu ɗaya. Kullum sai in ce sati mai zuwa. Jiya shugaban cibiya ya ce in babu mai tsayawa za a rufe ajin. Na ce a bar shi a buɗe. Asabar zan tsaya gaban allo, 'yata ta yi rubutun, ni in yi surutun.